Sabis Ya Cika Waya Amma Intanet Ta Ƙi Tafiya: Rikicin Rabon Adireshi a Wi-Fi ɗin Damari

Sana'ata haɗa Wi-Fi ce da gyaransa. A Funtua nake zaune, amma aikin ya fi kai ni yamma, wajen Dandume, Sabuwa da Damari, wani lokaci kuma Faskari ko Ƙanƙara. Kiran da ake yi mini kusan kala ɗaya ne: "Injiniya, abin nan fa ya cika sanda, amma ko saƙon WhatsApp ya ƙi fita." Kafin in iso an riga an yanke hukunci. Wani ya ce hadari ne ya tare tauraron ɗan'adam, wani ya ce kuɗin wata ne ya ƙare, wani kuma ya rantse yaran unguwa ne suka saci kalmar sirri suka shanye data. A mafi yawan lokuta ba nan gizo ke saƙa ba. Wayar ta kama siginar lafiya lau, abin da ta rasa shi ne adireshi, ko kuma an ba ta wanda ba ya kai ta ko'ina.

Yadda muka tsinci kanmu a wannan harka

Mutanen wannan yanki sun san zafin rashin sadarwa. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabuwa, Faskari, Dandume da Ƙanƙara. An shafe watanni mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. A farkon 2023 kuma ƙarancin takardun naira ya tilasta wa mai masara da mai shanu karɓar kuɗi ta waya. A watan Janairun 2023 ɗin ne Starlink ta fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka da ta samu. Daga nan matasa da 'yan kasuwa suka fara haɗa kuɗi su sayi farantin Starlink ɗaya, su raba intanet ɗin ga unguwa ta hanyar sayar da tikiti na awa ko na yini.

To, rauta ɗaya, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, ba ta iya rufe gari. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna cinye sigina, da ƙyar take wuce gidaje kaɗan. Dabarar ita ce a ɗora rautoci da yawa a kan dogayen ƙarafa, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a tasha, ɗaya kusa da masallacin Juma'a, kowace tana miƙa wa 'yar'uwarta saƙo ta iska har ya isa inda farantin yake. Wannan shi ne tsarin raga, wanda masu sana'ar ke kira mesh. Ba mu muka fara ba. Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta daɗe da kafa wa al'ummarta intanet mara waya, ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu yana da Zenzeleni, yankin Kataloniya na Sifaniya yana da guifi.net tun 2004, a Kano kuma cibiyar CITAD tana horar da matasa kan irin wannan aiki. Duk inda aka shimfiɗa raga, rigimar farko da ake cin karo da ita ita ce wa zai raba adireshi.

Mene ne adireshin, wa ke bayar da shi?

Duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai tana da lambar da za a mayar mata da amsa. Ita ce adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.88.25. Tsarin da aka fi amfani da shi yana da adireshi kusan biliyan 4.3 kacal, kuma babbar hukumar da ke raba su ga nahiyoyi ta ƙarar da nata tun watan Fabrairun 2011. Abin da ya rufa asiri shi ne tun 1994 an ware wasu lambobi na cikin gida, waɗanda ke farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Kowa na iya amfani da su a gidansa, rauta ce ke tsayawa a ƙofa ta juya su idan saƙo zai fita duniya.

Rabon waɗannan lambobi ba da hannu ake yi ba. Akwai wani tsari mai suna DHCP, wanda wani malamin jami'a ɗan Amurka, Ralph Droms, ya rubuta ƙa'idarsa a 1993, aka sabunta ta a 1997. Aikinsa tamkar na sarkin kasuwa ne. Baƙo ya iso da kayansa ya ɗaga murya yana neman wurin zama, sarkin kasuwa ya nuna masa rumfa mai lamba kaza, baƙon ya ce ya karɓa, sarki ya rubuta a littafi ya faɗa masa ranar da zai tashi. Saƙo huɗu ke nan: nema, tayi, karɓa, tabbatarwa. Tare da lambar ana faɗa wa wayar ƙofar da za ta bi ta fita, da wanda zai riƙa fassara mata sunayen shafuka zuwa lambobi. Adireshin kuma aro ne mai wa'adi. Idan rabin wa'adin ya wuce, wayar za ta koma ta nemi ƙari. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ake gama wannan ciniki, shi ya sa ba wanda ya san ana yinsa sai ranar da ya lalace.

Fara da tambayar wayar

Kafin in hau tsani ko in taɓa kebul, wayar mai ƙorafi nake karɓa. A shiga saitin Wi-Fi, a danna sunan da aka haɗa da shi, za a ga adireshin da wayar ta samu da kuma lambar ƙofar fita. Rabin ganewar ciwon yana nan.

Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, Tecno, Infinix da itel, duk Android ne. Idan ba su sami mai ba su adireshi ba, sukan tsaya suna nuna "Obtaining IP address" har su gaji su sauka. IPhone da kwamfutar Windows kuwa sukan ƙirƙiro wa kansu lamba mai farawa da 169.254. Duk wanda ya ga wannan lambar ya sani cewa wayar ta yi kira ba a amsa ba. Idan kuma an sami adireshi amma ba na gidan ba ne, misali babbar rautar tana raba 192.168.88 sai ga waya da 192.168.0, to wani ne daban ya amsa kiran. Idan adireshin daidai ne, ƙofar fita daidai ce, amma shafi ba ya buɗewa, sai a wanke rabon adireshi daga zargi a koma kan farantin da kuɗin wata. Idan kuwa abin yana yi yana ɗaukewa, musamman ga na'urori biyu a lokaci guda, da alama an ba mutum biyu lamba ɗaya.

Ba a sarki biyu a zamani ɗaya

Wannan ita ce cutar da na fi gani. Kusan duk rautar da aka sayo daga shago tana zuwa ne da mai rabon adireshinta a kunne, domin kamfani ya ɗauka ita kaɗai ce a gidan. Ta TP-Link ta saba da 192.168.0.1, ta MikroTik da 192.168.88.1, ta Starlink da 192.168.1.1. A cikin raga kuwa, dole guda ɗaya ce za ta yi rabo, sauran duk su yi shiru su zama masu miƙa saƙo kawai.

Wata rana a Damari aka kira ni kan cewa unguwa ɗaya ta daina samun intanet, alhali bakin kasuwa na tafiya sumul. Wayoyin unguwar duk suna ɗauke da 192.168.0. Na bi kebul daga ƙarfen unguwar har cikin wani gida, na tarar maigidan ya sayo ƙaramar rauta don siginar ta kai ɗakunan iyali, ɗansa kuma ya soka kebul ɗin a ramin LAN ba tare da ya kashe mai rabo ba. Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan 'yar na'urar taka ce ta hana maƙwabtanka sakat." Ya ce, "Haba Injiniya, abin da bai kai tafin hannu ba?" Na nuna masa lambar da ke wayarsa da wadda ke manne a bayan na'urar, ya ga iri ɗaya ce.

Dalilin da ya sa unguwar kaɗai ta kamu mai sauƙi ne. Waya takan karɓi tayin da ya fara iso mata. Rautar Alhaji tana kusa, babbar rauta kuwa sai saƙo ya tsallaka ƙarafa biyu. Don haka ta kusa ce ke riga, ta ba waya lamba, ta ce mata ta nan ake fita, alhali ba ta da hanyar ko'ina. Wani lokacin babbar ce ke riga, sai abin ya yi. Irin wannan yi-da-ƙi shi ke sa mutane su fara zargin iskokai.

Hanyar kamo mai laifi ita ce a rubuta lambar ƙofar fitar da wayar ta nuna a burauza, galibi shafin rautar zai buɗe da sunan kamfaninta. In hakan bai yiwu ba, a riƙa cire rassa ɗaya bayan ɗaya ana sake haɗa waya, har lambar banza ta daina zuwa. Maganin kuma minti biyu ne: a kashe DHCP a cikinta, ko a mayar da ita yanayin AP, wato na miƙa saƙo kawai, in tana da shi. Masu MikroTik suna da gata biyu, akwai saitin da ke yin ƙararrawa idan wani ya fara rabo, akwai kuma wanda ke toshe duk tayin da bai fito daga ramin da aka amince da shi ba.

Akwai ƙanwar wannan cuta. Rautar Starlink na raba 192.168.1, sai a jona mata wata rautar da ita ma cikin gidanta 192.168.1 ne. Ta duba gaba ta duba baya ta ga lamba iri ɗaya, sai ta rasa inda za ta tura saƙo. A sauya wa ta biyun lamba, ko a sa ta Starlink a yanayin da take miƙa komai ga babbar rauta. Idan an yi haka za a ga babbar ta sami adireshi mai farawa da 100. Kada a tsorata, lambar da kamfanin ke ba masu amfani da shi ce.

Ranar kasuwa lambobi kan ƙare

Wani ƙorafin kuma yana da rana. Ranakun mako lafiya, ranar kasuwa da hantsi ya ɗaga sai sababbin zuwa su kasa shiga, waɗanda suka shiga tun safe kuwa suna ta harkarsu. Nan lissafi ne kawai. Jerin da ya fara da 192.168.88 yana da gurbi 254 ne da za a iya amfani da su, rautoci da yawa ma ba duka suke rabawa ba. Manhajar OpenWrt, alal misali, gurbi 150 take warewa, da wa'adin awa 12.

Masu sayar da tikiti sukan bar Wi-Fi ɗin a buɗe ba kalmar sirri, sai mutum ya shiga sannan shafin sa lambar tikiti ya bayyana. Abin da ba su lura da shi ba, waya na karɓar adireshi tun kafin a sayi tikiti. Direban da ya zo ɗaukar masara zuwa Dandume, dillalin da ya taɓa haɗawa watan jiya, yaron da ke tallan ruwa da waya a aljihu, duk wayoyinsu za su shige da kansu su kama gurbi. Mutum ya bar gari da azahar, gurbinsa na nan a rubuce har dare ko gobe. Ƙari a kan haka, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ɓoye lambar jikinsu ta asali su nuna ta bogi don kare sirrin mai su. Idan wannan lambar ta sauya, rauta na ɗaukar wayar a matsayin baƙuwa ta ba ta sabon gurbi, tikitin da aka ɗaure da tsohuwar lambar kuma ya ƙi aiki.

Gyara biyu nake yi. Na farko, in rage wa'adin aro zuwa kamar awa ɗaya, domin gurbin wanda ya tafi ya dawo da wuri. Ba a matse shi ƙwarai, don in ya yi gajarta wayoyi za su cika iska da neman ƙari, wadda saƙonta ya ɓata kuma ta faɗi. Na biyu, in faɗaɗa jerin, in koma lambobi masu farawa da 10 in buɗe gurbi 1,022. Sai dai nakan gaya wa mai wurin gaskiya: yawan adireshi ba ya ƙara ƙarfin intanet. Ƙaramar rautar gida in ta ɗauki wayoyi 'yan gomiya ta fara nishi, ko gurbi dubu ne a littafinta.

Saƙon da ya ɓata a hanya

Wayar da ba ta da adireshi ba ta san wa za ta kira ba, don haka kiranta na farko shela ce ga kowa. A cikin raga, dole wannan shela ta tsallaka daga ƙarfe zuwa ƙarfe har babbar rauta, amsa kuma ta dawo ta wannan hanyar. Saƙon shela ba shi da gatan da saƙon mutum ɗaya ke da shi, wanda ake maimaitawa har sai an ce an ji. In mahaɗin da ke tsakanin ƙarafa biyu ya yi rauni, shi ne farkon faɗuwa. Sandunan da ke kan waya kuwa ƙarfin rautar da ke kusa kawai suke nunawa, ba ruwansu da abin da ke faruwa a baya.

Da damina abin ya fi tsananta. Mangwaro da darbejiya sun yi ganye sun tare tsakanin ƙarafan da ke ganin juna da rani, iskar hadari ta karkatar da eriya, ruwa ya shiga kan kebul. Ga shi kuma duk tsallake ɗaya a rauta mai rediyo guda yana cin kusan rabin gudun. Shi ya sa ba na son waya ta wuce tsallake biyu ko uku kafin ta isa babbar rauta, inda kuma kebul zai iya zuwa, kebul nake ja.

Akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka ƙware. Asalin ƙa'idar Wi-Fi ta ɗauka cewa wanda ya haɗu da rauta na'ura ɗaya ce, ba wadda ke goye da wasu a bayanta ba. Idan aka haɗa rauta da rauta a wannan yanayin, ta nesa za ta sami adireshinta, fitilunta duk kore, amma wayoyin da ke bayanta su yi ta jira. Sai an kunna abin da ake kira WDS a ɓangarorin biyu, wanda ke ƙara gurbin suna na huɗu a kan kowane saƙo domin a san ainihin mai shi. Kamfanoni kuma kowa da yadda ya gina nasa, na MikroTik da na wani kamfanin ba lallai su jitu ba. Shawarata ga mai sayen kaya a Kano ko Kaduna ita ce, na'urorin da za su yi magana da juna ta iska su zama 'yan gida ɗaya, ko da na shagon gaba ya fi araha.

Wuta, da ɗan ramin nan na baya

A garuruwanmu duk wannan kaya a kan sola da batir yake. Farantin Starlink kaɗai yana jan wat 50 zuwa 100, ƙananan rautocin kan ƙarafa kuwa abin da suke ci bai taka kara ya karya ba. Saboda haka batirin babban wuri ne ke fara mutuwa, galibi gab da asuba. Rautocin unguwa na nan a kunne suna watsa suna, mai rabon adireshi kuwa ya kwanta. Mutum ya fito daga masallaci ya ga sanda cike, ya ce an cuce shi. Wasu rautocin kuma a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiye jerin waɗanda suka ba aro, wuta na ɗaukewa sun manta, in ta dawo suna iya miƙa wa wani lambar da ke hannun wani. Batiri mafi girma a wurin babbar rauta ya kamata ya zauna.

Babbar ɓarna kuwa ita ce ta tsinke. In abu ya ƙi, sai wani mai ƙarambani ya soka tsinke a ɗan ramin da ke bayan rauta ya danne. Wannan yana goge duk saitin da aka yi, na'urar ta koma yadda ta fito daga kwali, wato da mai rabonta a kunne. An tashi gyaran unguwa ɗaya, an jefa gari duka cikin rikici. Kashewa da kunnawa ba laifi, a fara da farantin, a jira shi 'yan mintoci, sai babbar rauta, sannan rassa. Ramin baya kuwa nakan liƙe shi da salatif in ja kunnen mai wurin.

Littafi da yaron gari

Hanyoyin yankinmu ba kullum suke biyuwa ba, saboda matsalar tsaro. Ranar da ba a shiga, Injiniya ba zai zo daga Funtua ba, mai POS kuma ba zai jira ba. Don haka ba na miƙa aiki sai an cika sharuɗɗa uku. Na ɗaya, littafi na takarda, irin na 'yan makaranta, da aka rubuta kowace rauta, inda take, da adireshinta na dindindin. Lambobin farko, daga 2 zuwa 49, na rautoci ne da na'urorin masu POS da kwamfutar mai shago, rabon jama'a kuma ya fara daga 50, don kada a yi karo. Na biyu, a manna wa kowace na'ura lambarta a jiki, a kuma ajiye kwafin saitin babbar rauta a waya biyu. Na uku, a ba ni matashi ɗaya ko biyu 'yan garin in koya musu karanta adireshi a waya, da cire reshe, da kashe mai rabo a sabuwar rauta kafin a jona ta.

Wasu masu wurin sukan ga kamar ɓata lokaci ne, su dai a kunna su fara sayar da tikiti. Nakan ce musu kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin mai shayi da na ɗalibar da ke cike fom ɗin jarrabawa ya ɗauki alkawarin abin zai yi aiki ranar da suke buƙata. Yaron da ya iya kallon waya ya kira ni ya ce, "Oga, 192.168.0 take nunawa a unguwar tasha," ya riga ya yi mini rabin aikin, sauran kuma ta waya za mu ƙarasa, ba sai kowa ya hau hanya ba.